Yadda Aka Kwashe Kifin Wani Teku Tas: Tarihin Kod na Newfoundland

 Ga rubutaccen shirin wannan mako, domin waɗanda data ta hana su saurara.

Yau teku za mu shiga. Da yawanmu ko gaɓar teku ba mu taɓa takawa ba, iyakacinmu da shi kifin ƙanƙara da ake soyawa a bakin titi. Kuma duk wanda ya kalli taswira ya ga ruwa ya mamaye wajen kashi 70 cikin 100 na doron duniya, zai ce ai ba yadda za a yi ɗan'adam ya ƙarar da abin da ke ciki. To akwai inda aka ƙarar. Ranar 2 ga Yuli, 1992, gwamnatin Kanada ta hana kamun wani kifi da ake kira kod a gaɓar tsibirin Newfoundland, bayan an shafe kusan shekara 500 ana kamun sa. Mutum kimanin 30,000 suka rasa sana'arsu rana ɗaya. Babu gubar da aka zuba, babu man da ya malala. Kamawa kawai aka yi ta yi har ya ƙare. Abin da ya fi ɗaure kai kuma, har dab da ƙarshe manyan jirage suna dawowa maƙil da kifi.

Bari mu fara da wurin. Newfoundland babban tsibiri ne a gabashin Kanada, cikin Tekun Atilantika. Masu kallon fim, a kudu maso gabashin tsibirin nan ne jirgin Titanic ya nutse a 1912. Kusa da shi akwai wasu faffaɗan tuddai a ƙarƙashin ruwa da ake kira Grand Banks, inda zurfin teku a yawancin wurin bai wuce mita 100 ba. A nan ne ruwan sanyi mai gangarowa daga arewa yake haɗuwa da ruwa mai ɗumi da ke tasowa daga kudu. Haɗuwar tasu tana motso abinci daga ƙasa, ƙananan halittu su yi yawa, ƙananan kifaye su zo cin su, manya su biyo baya. Kod shi ne babban mai cin moriyar wannan daula. Kifi ne mai farin nama, marar kitse, yana iya wuce mita ɗaya a tsawo, yana iya haura shekara 20 a raye. Babbar mace guda tana zuba ƙwai miliyoyi a shekara. Amma fa a ruwan sanyin can sai ya shekara biyar zuwa bakwai kafin ya fara haihuwa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A shekarar 1497 wani matuƙin jirgi ɗan Italiya, John Cabot, ya taso daga birnin Bristol da izinin Sarkin Ingila Henry na Bakwai, yana neman hanyar zuwa Asiya ta yamma. Bai ga Asiya ba, kifi ya gani. Labarin da ya bazu a Landan bayan dawowarsa shi ne, a tekun can ko taru ba ka buƙata, kwando za ka ɗaura wa dutse ka zura, ka jawo shi cike. Kafin ka ce kwabo, masunta daga Fotugal da Faransa da Sifaniya da Ingila sun fara tururuwa duk shekara.

Me ya sa kifin nan ya yi daraja haka? Na farko, saboda ba shi da kitse, in aka tsaga shi aka barbaɗa gishiri aka shanya, yana daɗewa bai lalace ba, a zamanin da babu firji. Na biyu, a wancan zamanin Kiristocin ɗarikar Katolika ba sa cin nama ranar Juma'a da kwanakin azuminsu, amma suna cin kifi, don haka kasuwa ce da ba ta mutuwa. Akwai kuma ɓangare mai ɗaci da ya shafe mu kai tsaye. Kifi mai kyau Turai ake kai shi. Wanda ya farfashe ko bai bushe daidai ba, shi ake lodawa zuwa tsibiran Karebiyan a ciyar da bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma suna noman rake. Shi ya sa har gobe kifin gishiri yake cikin abincin da Jamaika take tinƙaho da shi. Kuma in ka taɓa shiga kasuwar Sabon Gari ka ga busasshen kifin nan mai tauri kamar itace, wanda Ibo ke kira okporoko, Yarbawa su ce panla, to yawancinsa dangin kod ne, sai dai shi daga Norway ake kawo shi.

A hankali mutane suka zauna a tsibirin, ƙauyuka ɗaruruwa a lungunan gaɓa, wasu ko hanyar mota babu sai ta ruwa. A bakinsu in aka ce "kifi" kawai, kod ake nufi, sauran kifaye kowanne sai an kira sunansa. Tsarin rayuwar mai sauƙi ne. Da hunturu kod yana can nesa cikin teku, ya taru garke-garke a ruwa mai zurfi, a can yake zuba ƙwai. In zafi ya shigo, sai wani ɗan ƙaramin kifi mai suna kaflin ya nufo gaɓa, kod ya biyo shi, masunta kuma su tare shi da ƙananan jirage da ƙugiya da tarko. Mata da yara su tsaga, su sa gishiri, su shanya. Wato kifin da ya zo ne ake kamawa. Wanda ya tsaya can nesa, ƙanƙara da guguwa sun tsare shi, babu mai iya kai masa. Ɗaruruwan shekaru abin da ake kamawa bai cika wuce tan 300,000 a shekara ba, sau da yawa ma ƙasa da haka sosai, kuma tekun yana mayarwa.

Wannan ne ya sa har masana suka saki jiki. A 1883, a wani babban baje kolin harkar su da aka yi a Landan, fitaccen masanin halittu Thomas Huxley ya bayyana cewa kifaye irin su kod a ganinsa ba za su ƙare ba, duk abin da mutum zai yi ba zai taɓa yawansu ba. A yi masa adalci, ya ɗaura maganar tasa a kan irin kayan sun da ake da su a lokacin. Matsalar ita ce an riƙe hukuncin, an manta da sharaɗin.

Kayan kuwa suka canza. A 1954 wani kamfanin Sikotlan mai suna Christian Salvesen, wanda ya yi suna wajen farautar manyan dabbobin teku, ya ƙaddamar da jirgi mai suna Fairtry. Tsawonsa ya haura mita 80. Masana'anta ce sukutum a kan ruwa: yana jan ƙaton taru ta baya, ya zuba kifi a ciki, injuna su yanka su fere, a daskarar a ɗakin sanyi, ƙashi da kai a niƙa su zama gari. Ba ruwansa da dare ko rana, ba ruwansa da hunturu, yana iya yin makonni bai ga tudu ba. Tarayyar Sobiyet ta kwaikwaya ta ƙera nata da yawa, Jamus da Folan da Sifaniya da sauransu suka bi. Ga kuma na'urar da aka inganta lokacin Yaƙin Duniya na Biyu don farautar jiragen yaƙi na ƙarƙashin ruwa: tana aika sauti ƙasa, in ya daki wani abu ya dawo, sai ta nuna a allo. Yanzu garken kifi take nunawa. Maɓoyar da kod ya dogara da ita tun fil azal ta tashi daga aiki. Ana bin sa har inda yake taruwa don haihuwa, a kwashe shi da ƙwai a ciki.

Kuma tarun nan ba a sama yake yawo ba, a ƙasan teku ake jan sa da manyan ƙarafa, yana kankare duk abin da ya tarar. Wuraren da 'ya'yan kifi ke fakewa su rushe. Abin da ya shigo wanda ba a so, ko kifin da ya yi ƙanƙanta, a watsar da shi cikin ruwa a mace, kuma ba ya shiga lissafin kowa.

A 1968 an kama tan 810,000 na kod ɗin arewa a shekara guda, mafi yawa jiragen ƙasashen waje ne suka kwasa. Masana sun ƙiyasta cewa kifin da aka kama tsakanin 1647 da 1750, wajen tan miliyan 8, manyan jiragen nan sun kama kwatankwacinsa cikin shekara 15 kacal. Daga 1968 sai abin ya fara gangarowa, a 1977 ya faɗo ƙasa da tan 200,000.

A nan ne aka samu damar gyara, kuma a ganina nan ne ainihin labarin yake. A farkon 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta a teku zuwa mil 200 daga gaɓa, ta kori yawancin jiragen waje. Mutanen Newfoundland suka yi murna, kifi ya ɗan fara farfaɗowa. Da an bar shi ya huta shekara goma, da wataƙila yau ba ma wannan shirin. Amma sai gwamnati ta ga ai dukiyar da baƙi ke kwasa yanzu ta zama tata. Aka zuba kuɗi, aka ba da rance, aka ƙera manyan jirage na gida, aka giggina masana'antun sarrafa kifi a garuruwa. Newfoundland dama yanki ne mai fama da rashin aikin yi tun shigarsa Kanada a 1949, kowane ɗan siyasa yana son a ce shi ya kawo masana'anta mazaɓarsa. Wani kwamitin gwamnati ƙarƙashin Michael Kirby ya fitar da rahoto a farkon shekarun 1980 mai cike da hasashen cewa kifin zai yi ta ƙaruwa. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

To ina masana kimiyya? Suna nan, ma'aikatar kula da su ta Kanada tana da ƙwararru, kuma ba wai barci suke yi ba. Manufar da aka tsara ita ce a riƙa kama kusan kashi 20 cikin 100 na kifin da ke ruwa kowace shekara. Amma kifi ba shanu ba ne da za ka tsaya bakin garke ka ƙirga. Dole sai da ƙiyasi. Ɗaya daga cikin ma'aunan da suka dogara da shi shi ne: jirgin kamfani, in ya ja taru na awa ɗaya, kifi nawa yake samu? In yana samu da yawa, an ɗauka kifi na da yawa kenan.

Ku lura da inda gizo ke saƙar. Kod kifi ne mai taruwa. In yawansa ya ragu, ragowar ba sa warwatsuwa, sai su ƙara matsuwa wuri guda. Jirgi mai na'ura kuma kai tsaye zai nufi inda suka taru. Ka ɗauka gari ne mai unguwa goma, mutanen unguwa tara sun ƙare, ragowar duk sun koma kasuwa. Wanda kullum kasuwa kawai yake zuwa zai rantse maka garin cike yake da jama'a. Haka jiragen suka yi ta dawowa a cike, alƙaluma suna nuna lafiya lau, alhali ana kama ninki biyu ko fiye na kason da aka yi niyya. Ƙari a kan haka, kowace shekara na'urorin suna ƙara kyau, matuƙan suna ƙara ƙwarewa, wanda shi ma yake ɓoye raguwar.

Waɗanda suka fara gani su ne ƙananan masunta na gaɓa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su ba sa bin kifi, jiran sa suke yi a wuraren da kakanninsu suka jira shi, don haka in ya ragu nan take za su sani. Tun tsakiyar shekarun 1980 suke ta ƙorafi: kifin da ke zuwa ya ragu, kuma ƙanana ne, manyan nan da aka saba gani babu su. Aka ce musu ai ruwa ne ya yi sanyi, kifin bai matso gaɓa ba. Ƙungiyarsu ta ɗauki nauyin wani bincike a jami'ar Memorial da ke St. John's, babban birnin lardin, wanda ya fito a 1986 ya ce ma'aikatar tana zuzuta yawan kifin. Ba a ɗauke shi da muhimmanci ba. Har kotu suka je suna neman a dakatar da manyan jirage daga su a wuraren haihuwa, ba su yi nasara ba. Mutumin da bai yi boko mai zurfi ba, yana tsaye cikin ɗan jirginsa yana cewa teku ya canza, ga kuma mai digiri da kwamfuta yana cewa lissafi bai nuna haka ba. Kun san wanda za a saurara.

A 1989 masanan ma'aikatar da kansu suka sake lissafi suka gane an yi kuskure babba. Suka ba da shawarar a rage abin da za a kama zuwa tan 125,000, daga 266,000 na shekarar da ta gabata. Gwamnati ta duba, ta ga in ta yi haka masana'antu za su rufe, dubban mutane su zauna, ga zaɓe kullum yana tafe. Sai ta sa 235,000. Wani kwamiti ƙarƙashin Leslie Harris, shugaban jami'ar Memorial, ya sake jan kunne a 1990. Aka ɗan ƙara ragewa kaɗan, ba yadda ake buƙata ba. Ni ban ɗauki waɗannan ministocin a matsayin mugaye ba. Tsoron rufe masana'anta goma suka ji, suka yi ta jinkiri har ranar da dole a rufe kusan duka.

A farkon 1992 manyan jiragen suka fita suka rasa abin kamawa. Ranar 1 ga Yuli, ranar bikin ƙasa ta Kanada, ministan harkokin su John Crosbie, wanda shi kansa ɗan Newfoundland ne daga gidan attajiran da suka yi kasuwancin kifi, ya je wani gari mai suna Bay Bulls. Masunta suka yi masa caa. Cikin fushi ya mayar musu cewa ba shi ya kwashe kifin daga cikin ruwa ba, maganar da har yau ake tuna shi da ita. Washegari a wani otal a St. John's ya sanar da dokar hana su, masunta a waje suna dukan ƙofa suna neman ɓalle ta. Aka ce na shekara biyu ne. A lokacin, manyan kifaye masu haihuwa sun koma kusan kashi 1 cikin 100 na yadda suke a farkon shekarun 1960.

Ba a taɓa sallamar ma'aikata masu yawa haka lokaci guda ba a tarihin Kanada. Tallafin farko da aka ba su dala 225 ne a mako, daga baya aka ƙara, aka kuma kawo wani shiri na dala biliyan 1.9 a 1994. Kuɗi ya ƙare, kifi bai dawo ba. Matasa suka tattara suka nufi yammacin ƙasar, da yawa zuwa rijiyoyin man Alberta. Ƙidayar 1991 ta nuna mutum kusan 568,000 a lardin, ta 2001 ta nuna kusan 513,000. Ƙauyuka suka koma na tsofaffi, makarantu suka rufe.

Sai neman wanda za a ɗora wa laifi. Wasu suka ce sanyin ruwa ne. Wasu suka ce wata dabbar teku ce mai suna sil take cinye kifin. Wasu suka ce baƙi ne, don kuwa wani ɓangare na Grand Banks ya fita daga mil 200 ɗin, jiragen Turai suna ci gaba da su a can. A watan Maris na 1995 har jami'an Kanada suka yi harbin gargaɗi suka kama wani jirgin Sifaniya mai suna Estai, minista Brian Tobin ya kai tarunsa birnin New York ya rataye shi kusa da ginin Majalisar Ɗinkin Duniya don duniya ta ga ƙanƙantar idanunsa. Kowanne akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma wasu masana biyu, Jeffrey Hutchings da Ransom Myers, sun bi alƙaluman a 1994 suka nuna cewa babban dalili shi ne kamun da ya wuce kima, kuma a shekarun ƙarshe yawancinsa jiragen Kanada ne suka yi shi.

Tambayar da ta fi ba ni tsoro ita ce: an daina kamawa, me ya hana shi dawowa? Shekara biyu ta zama goma, ta zama talatin. Ku tuna kifin sai ya shekara biyar zuwa bakwai yake haihuwa, kuma manyan mata tsofaffi su ne masu ƙwai da yawa masu ƙwari. Su aka fara gamawa da su. Sannan kaflin, abincinsa, shi ma ya faɗi warwas a daidai 1990 zuwa 1991, bai koma yadda yake ba. Kuma da babban mai farauta ya ɓace, tekun ya sake tsari: jatan lande da ƙaguwa, waɗanda a da kod ke cinyewa, suka yi yawa. Abin mamaki, kuɗin da ake samu daga ƙaguwa ya zo ya fi na kod, sai dai hannaye kaɗan ne ke cin sa, bai ɗauki jama'ar da kod ya ɗauka ba.

Don kada a ce ƙaddara ce kawai, a duba Norway, inda okporokonmu yake fitowa. Su ma kod ɗinsu na Tekun Barents ya shiga mawuyacin hali a ƙarshen shekarun 1980. Sun haramta watsar da kod a ruwa tun 1987, kuma da masana suka yi gargaɗi, su da Tarayyar Sobiyet, da suke kula da kifin tare, suka zaftare kason 1990 sosai. Masunta sun sha wuya, an yi ta kuka. Amma an yi yankan tun da sauran iyaye a ruwa, kifin ya farfaɗo, har a 2013 aka ba da izinin kama tan miliyan 1, ko da yake a 'yan shekarun nan an sake ragewa.

Mu ma nan kusa da mu ana kan irin wannan hanya. A gaɓar Muritaniya da Senegal da Gambiya, masana'antu suna niƙa ƙananan kifaye irin sardin, abincin talaka, su zama garin ciyar da kifin kiwo da dabbobi a wasu nahiyoyi. A Ghana masu kwale-kwale sun daɗe suna kukan manyan jiragen jan taru, har gwamnati ta fara rufe teku na wani lokaci a shekara. A nan ma masu ƙananan jirage ne suka fara cewa kifi ya ragu.

A Newfoundland kuwa, a 2023 ma'aikatar ta fitar da kod ɗin arewa daga rukunin masu cikin mummunan haɗari. Ba don kifin ya ƙaru a shekarar ba, tsarin lissafin aka sake. Ranar 26 ga Yuni, 2024, bayan shekara 32, gwamnati ta sanar da ɗage dokar, ta kuma ba manyan jirage wani kaso a ciki, abin da ƙungiyar ƙananan masunta ta fito ta yi adawa da shi. Adadin da aka yarda a kama a shekarar tan 18,000 ne, a tekun da aka kwashi tan 810,000 a 1968.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.